Ɗura Biyar, Bar Rami Ɗaya: Jagorar Mai Sha'awar Libarbar Kaboyi

Ranar da na fara riƙe libarbar kaboyi, wato bindigar hannu mai ramukan harsashi shida, a wani filin harbi da ke bayan garin Houston, dattijon da ya miƙo mini ita bai bar ni na taɓa harsashi ba sai da na saurare ta. Ya buɗe ta ya nuna mini ba komai a ciki, ya ce in juya bakinta wajen tudun ƙasar da ake harbi, in ja gudumar, wato ƙarfen da ke bugun gindin harsashi, baya a hankali da babban yatsa. Ƙas, ƙas, ƙas, ƙas. Sau huɗu. Masu sha'awarta suna cewa sunan maƙerinta take kira, C-O-L-T, harafi ɗaya a kowane ƙas. Ni dai abin da ya faɗo mini a rai shi ne fina-finan kaboyi da muka taso muna kallo, inda jarumi zai yi ta ɓarin wuta ba ya ko ɗuri. Ta gaske ba haka take ba. Bindiga ce mai nawa, kuma nawar tata ita ce daɗinta.

Abin da ya bambanta ta da sauran libarba shi ne kunamarta aiki ɗaya tak take yi, wato sakin guduma. Ba ta ɗana bindigar, ba ta juya silinda, wato 'yar gangar da ramukan harsashi ke jikinta. Kai ne za ka ɗana ta da yatsa kafin kowane harbi. Ɗuri ma ɗaya bayan ɗaya ne ta wata 'yar ƙofa a gefen dama, fitar da kwanso ma haka. Wanda ke neman bindigar gaggawa ya yi ɓatan kai. Wannan ta mai son sanin abin da hannunsa ke yi ce.

Samuel Colt ya yi wa libarbarsa ta farko rajista a 1836, amma wadda duniya ta fi sani ita ce Single Action Army ta 1873, wadda aka ƙera a Hartford da ke jihar Connecticut don sojojin dawakin Amurka. Bututunta inci 7 da rabi, harsashinta .45 Colt (lambar tana nuna girman harsashi ne), nauyinta kilo ɗaya da ɗan ɗoriya. Ita ce babbar libarbar sojan har 1892. Kusan duk wadda za ka gani a kanti yau, ko dai ita ce, ko kwaikwayonta, ko jikanyarta.

Doka tukuna, kafin ka ko leƙa kanti

Wannan sha'awa ce ta Amurka da wasu 'yan ƙasashe da dokarsu ta yarda. A Najeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin jerin makaman da aka haramta, waɗanda Shugaban Ƙasa ne kaɗai ke iya ba da lasisinsu. Lasisin bindigar farauta bai shafe su ba. Saboda haka duk abin da zan faɗa a nan na wanda yake zaune inda doka ta ba shi dama ne, kuma kada wani ya yi gigin sa ta cikin kaya zai tafi gida. Kurkuku ne ƙarshenta. Kanada ta dakatar da saye da sayar da ƙananan bindigogi tun Oktoban 2022. Birtaniya ta haramta su a 1997 bayan kisan da aka yi wa yara 'yan makaranta a Dunblane, sai irin na da da ake ɗura wa albarushi da dalma daban-daban, su ma da takardar izini.

A Amurka, in daga dila mai lasisin tarayya za ka saya, dole ka kai shekara 21. Za ka cike fom mai lamba 4473, dilan ya tura sunanka a bincika ta tsarin NICS na hukumar FBI. Ɗan ƙasa da mai takardar zama na dindindin suna iya saye. Wanda ya shigo da bizar ziyara ko ta karatu, dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga, in ban da wasu 'yan keɓance-keɓance, kamar mallakar lasisin farauta. Kada ka ɗauki fatawar aboki a wannan. Ƙarya a kan wannan fom ɗin kuwa babban laifi ne, haka ma saya wa wani da sunanka.

Bayan ta tarayya akwai dokar jiha, kuma a nan ne kan mutane ke kullewa. Texas ba ta neman takardar izini kafin saye. New York tana nema. California za ta sa ka jira kwana 10 kafin a miƙa maka. Ka karanta dokar jiharka a shafin gwamnatin jihar, har da yadda ake ɗaukar bindiga a mota. Sannan ka biya kuɗin darasin sanin makamar bindiga na yini guda. Ni na yi, ban yi da-na-sani ba.

Wacce za ka saya

Shawarata, wadda kusan kowa ke ƙin ji, ita ce ka fara da mai cin ƙaramin harsashin .22. Harsashinta ya fi kowane araha, ba ta shuri, ƙararta ba ta razana mutum. Single-Six ta kamfanin Ruger tana kasuwa tun 1953, kuma irin kayan nan ne da jika ke gada. Ruger Wrangler, wadda ta fito a 2019, da Heritage Rough Rider su ne na mai ƙaramin aljihu. Da kuɗin kwali ɗaya na .45 Colt za ka yi harbi ɗaruruwa da .22, hannu kuwa yawan maimaici yake so.

In ka matsa sai babba, to ka duba .357 Magnum, domin tana cin .38 Special, wanda ya fi sauƙin kuɗi da sauƙin shuri. Akasin haka ba ya yiwuwa: ba a sa .357 a bindigar .38. Ita kuwa .45 Colt ita ce ta asali. Harsashinta na farko dalma ce mai nauyin kusan giram 16 da rabi a kan baƙin albarushi, wato albarushi irin na da. Shurinta turi ne mai nauyi, ba mari ba, kuma akwai wani daɗi a cikinsa da ban iya kwatanta shi. Sai dai aljihu yana ji a jikinsa.

Sai babbar tambaya, wadda ta fi ta girman harsashi muhimmanci: tsohuwar ƙira ko sabuwa?

A tsohuwar ƙira, wato Colt kanta da yawancin kwaikwayonta da kamfanonin Italiya irin su Uberti da Pietta ke yi, tsinken da ke dukan gindin harsashi a jikin gudumar yake. In guduma tana kwance, kuma akwai harsashi a ƙarƙashinta, to tsinken yana zaune ne a kan 'yar ƙwayar da ke kunna albarushi. Bindigar ta faɗi ta bugi gudumar, ta tashi. Ba tatsuniya ba ce. A watan Janairun 1876, a Wichita, libarbar Wyatt Earp ta zame daga kube ta faɗi ƙasa, ta tashi, harsashin ya huda rigarsa. Ɗan sanda ne a lokacin, ba baƙon bindiga ba.

Ruger ta canza ƙirarta a 1973. Ta sa wani ɗan ƙarfen tsakani da ke tasowa tsakanin guduma da tsinke sai an ja kunama kawai. In ba a ja ba, ko an bugi gudumar ba za ta kai ga tsinken ba. Blackhawk, wadda ta fara fitowa a 1955, da Vaquero ta 1993 duk yanzu haka suke. Tsofaffin Ruger na kafin 1973, waɗanda ake ganewa da sukurori uku a gefen jikinsu, tsohuwar ƙira ce, kuma kamfanin yana sa musu sabon tsarin kyauta in an aika masa. Wasu sababbin na Italiya ma sun zo da nasu dabarun kariya. Kada ka yi hasashe da ido. Ka karanta littafin da ya zo da ita daga bango zuwa bango.

Tsawon bututu uku ne aka saba da su: inci 4 da kashi uku cikin huɗu, inci 5 da rabi, da inci 7 da rabi. Dogon ya fi sauƙin saiti, gajeren ya fi daidaito a hannu. Na tsakiyar ba ya ba da kunya. Ƙota kuma iri biyu ce, ta asali mai lanƙwasa kamar ƙotar garma, da ta Bisley, wadda Colt ta fitar a 1894 da sunan wani filin gasar harbi a Ingila. Ka riƙe duka biyun a kanti, hannunka zai faɗa maka. In ta hannu ce za ka saya, ka kai wa makanikin bindiga ya duba ko silindar tana kullewa daidai da bututu a kowane rami.

Ɗuri: a nan ne ake gane wanda aka koya wa

Kafin komai, ƙa'idoji huɗu da ake karanta wa kowa a kowane fili. Ka ɗauki kowace bindiga a matsayin mai ɗure. Kada bakinta ya kalli abin da ba ka yarda ya lalace ba. Yatsa ba ya shiga wajen kunama sai ka saita ka yanke shawarar harbi. Ka san abin da kake bara da abin da ke bayansa. A Oktoban 2021, a wurin ɗaukar wani fim a New Mexico, an rasa ran mai ɗaukar hoto da irin wannan libarbar, ƙirar Pietta mai cin .45 Colt, domin harsashi na gaske ya shiga inda ake zaton na bogi ne kawai. In an miƙo maka bindiga aka ce ba komai a ciki, ka buɗe ka duba ramukan shida da idonka. Ba rashin yarda ba ne, haka ake yi, kuma wanda ya ji haushi shi ne abin tsoro.

Ka sa abin toshe kunne da gilashin kare ido. Yanzu ga ɗurin tsohuwar ƙira.

Bakin bindiga yana kallon wajen harbi, ya ɗan sunkuya ƙasa, yatsa a miƙe a gefe. Ja guduma zuwa ƙas na biyu. A nan silinda take sakin jiki ta juya. Buɗe 'yar ƙofar gefen dama. Ɗura harsashi ɗaya. Juya silinda, ka tsallake rami na gaba, ka bar shi fanko. Ɗura huɗu a jere. Rufe ƙofa. Sai ka ja guduma har ƙarshe, ka riƙe ta gam da babban yatsa, ka ja kunama, ka raka gudumar a hankali har ta kwanta. In ka bi lissafin daidai, a kan ramin da ka tsallake za ta kwanta. Ɗura ɗaya, tsallake ɗaya, ɗura huɗu. Ka haddace shi kamar karatun allo.

Kada ka yarda da lissafin kawai. Ka leƙa ta gefe, tsakanin bayan silinda da jikin bindiga. Za ka ga bakin kwanso mai ruwan tagulla a ramuka, amma a na sama, wanda ke fuskantar bututu, bai kamata ka ga komai ba.

Abu biyu da sababbi ke yi. Na farko, sauke guduma kai tsaye daga ƙas na biyu ba tare da an kai ta ƙarshe ba. Wannan yana rikita silinda, ya sa ƙarfen da ke kulle ta ya riƙa jan layi a jikinta, kuma lissafin ramin fankon ya ɓaci. Na biyu, dogara da ƙas na farko. An yi shi ne da sunan kariya, amma ɗan siririn tsagi ne da bugu mai ƙarfi ke iya karyawa. Tsofaffin da suka rayu da wannan bindiga a ƙugu ba su dogara da shi ba. Biyar suke ɗurawa a bindiga mai rami shida.

Sabuwar Ruger ba ta da wannan ƙas na biyun. Guduma tana kwance, buɗe ƙofar ne ke sakin silinda. Ana iya cika ta shida ba fargaba. Duk da haka ni biyar nake sa mata, don kada hannuna ya koyi ɗabi'a biyu, ranar da na ɗauki tsohuwa ya manta wace ce a hannunsa.

Sauke kaya kuwa juyin ɗurin ne. Ƙas na biyu, buɗe ƙofa, ɗaga bakin sama kaɗan ba tare da ya bar wajen harbi ba, daidaita rami da ƙofa, ka tura sandar zungura da ke ƙarƙashin bututu. Kwanso ya faɗo. Ka yi haka har ka zagaye, sannan ka sake zagayawa kana ƙirga ramuka shida kana ganin haske ta cikinsu.

Duk wannan ka fara koyonsa a gida da harsasan roba na gwaji, waɗanda ba albarushi a cikinsu, bayan ka kwashe na gaske ka kulle su a wani ɗaki daban.

Harbin kansa

Ka sa takardar bara a yadi 7. Kada girman kai ya kai ka 25. Ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, jiki ya ɗan karkata gaba. Hannun harbi ya kama ƙota, ɗaya hannun ya lulluɓe shi. Da yawa muna sa ɗan ƙaramin yatsa a ƙarƙashin gindin ƙotar, domin gajera ce, kuma hakan yana maido da hannu wuri ɗaya bayan kowane harbi.

Ka kula da wani wuri: tsakanin gaban silinda da farkon bututu akwai 'yar tazara da ba ta fi kaurin takarda biyu ba. Duk harbi, wuta da iska mai zafi da ɓurɓushin dalma suna fita ta nan. Yatsa ko ɗaya kada ya je kusa. A manyan harsasai irin .44 Magnum, wannan iskar tana yanka nama.

In da hannu biyu kake harbi, babban yatsan hannun taimako shi ke ɗanawa, don riƙon ɗaya hannun kada ya motsa. Kana ɗanawa, manuniyarka tana waje. Kunamar wannan bindiga ba ta da nauyi kuma tafiyarta gajera ce, ba ta jiran shawara ta biyu. Sai ka daidaita tsinin saitin gaba a tsakiyar tsagin baya, samansu ya yi daidai. Idonka a kan saitin gaba yake, takardar ta ɗan yi dishi-dishi, ba laifi. Sa yatsa, ka matsa a hankali kai tsaye zuwa baya har ta tashi.

Gudumar wannan bindiga babba ce kuma tafiyarta doguwa. Tsakanin sakinta da tashin harsashi akwai ɗan lokaci da bai kai ƙiftawar ido ba, amma ya isa hannu mai rawa ya karkatar da baki. Saboda haka bayan ta tashi ka ci gaba da kallon saitin, kamar ba ka gama ba. Kuma kada ka yi kokawa da shuri. Ƙotar garma an yi ta ne don ta mirgina a tafin hannu, bakin ya ɗaga sama, gudumar ta zo daidai babban yatsa. Ka riƙe da ƙarfi iri ɗaya kullum, ka bar ta ta yi abinta.

In ka ga harsasanka suna taruwa ƙasa ta hagu, kai kuma na-dama ne, kada ka zargi bindiga tukuna. Yawanci hannu ne ke zabura kafin ƙara. Libarba tana da hanyar tona wannan asirin. Ka ba abokin harbinka ya ɗura maka, ya gauraya na gaske da na roba ba ka gani ba. Da na gwada, gudumar ta faɗa kan na roba, na ga bakin bindigata ya yi sujada shi kaɗai ba abin da ya tashi. Ɗan ƙanwata da na je da shi ya ce, "Kawu, wa ya ture ka?" Na yi wata biyu ina gyara wannan da .22.

Abin da ake yi a fim, a danne kunama a riƙa bugun guduma da tafin hannu, ka bar wa 'yan fim. Yana lalata kayan ciki, ba ya samun komai, kuma filayen harbi korar mutum suke yi a kansa.

In ta ƙi tashi, ko ta tashi da raunanniyar murya

Ka ja kunama ka ji ƙas ba ƙara: ka ci gaba da riƙe bakin a wajen harbi, ka ƙirga daƙiƙa 30, don wani harsashin yana jinkirin kamawa. Sannan ka fitar da shi.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne ka ji "fuf" maimakon "daram", shuri kuma babu. Tsaya cak. Mai yiwuwa albarushin bai isa ba, dalmar ta maƙale a cikin bututu. In ka aika wani a bayanta, bututun zai kumbura ko ya fashe a hannunka. Ya taɓa faruwa da ni da wasu harsasai da na saya a hannun wani mai ɗura nasa a gida, don arha. Babban yatsana har ya hau guduma, mai kula da fili ya daka mini tsawa. Muka sauke harsasan, muka cire silinda, muka leƙa bututun ta baya: duhu. Dalmar tana zaune inci biyu daga farko. Da sandar tagulla aka fitar da ita. Tun ranar ban sake harba ɗurin wanda ban sani ba. Arha dai ba ta ado.

Da na ambaci harsashi, ka kula da kwalayen .45 Colt masu ƙarfi da ake rubuta cewa na manyan Ruger ne kawai. Ba na Colt ba ne, ba na kwaikwayon Italiya ba ne, ba kuma na New Vaquero ta 2005 ba ne, wadda jikinta ya fi na tsohuwar Vaquero ƙanƙanta. Colt ta ƙarni na 19 kuwa, ta zamanin baƙin albarushi, ba a sa mata albarushin zamani ko kaɗan.

Saitin da ba ya motsi

Blackhawk tana da saitin baya da ake murɗawa da sukudireba. Colt da Vaquero da na Italiya ba su da shi, tsagi ne kawai a saman jiki. Sau da yawa sabuwa takan harba ƙasa, domin ana barin saitin gaba da ɗan tsawo da gangan. Goge shi da zarto yana ɗaga inda harsashi ke sauka. Amma ƙarfen da ka goge ba ya dawowa, saboda haka kada ka taɓa shi sai ka zaɓi harsashin da za ka zauna a kansa, ka harba ɗaruruwa, ka kuma gwada a kan buhun yashi. Harsashi mai nauyi da tafiyar hawainiya yakan sauka sama da mara nauyi mai gudu, don ya fi daɗewa a bututu lokacin da bakin ke ɗagawa. Wani lokaci canza harsashi kawai ya raba gardama. Karkata hagu ko dama aikin makaniki ne.

Wanki da ajiya

Tabbatar ba komai a ciki. Ƙas na biyu, ko buɗe ƙofa kawai in sabuwar Ruger ce. Danna ɗan maɓallin da ke gaban jiki, zare sandar da silinda ke juyawa a kanta, silindar ta fito ta dama. Burushin tagulla da man wanki a bututu da kowane rami, sannan ƙyalle har ya fito fes. In .38 kake harbawa a .357, ka dage da goge ramukan, domin gajeren kwanso yana barin zoben dauɗa da zai hana dogon shiga. Mai kaɗan a sandar tsakiya da haƙoran bayan silinda, ɗigo ne ba wanka ba. Wanda ya harba baƙin albarushi ya wanke ranar da ruwan zafi da sabulu, ya busar, ya shafa mai. In ya kwana, tsatsa ta riga shi tashi.

Sukurorin wannan bindiga suna kwancewa da kansu saboda girgiza. Ka bi su bayan kowace fita, musamman na gidan sandar zungura, da sukudireban bindiga mai baki daidai tsagin. Na gyaran rediyo zai cinye musu kai. Ka wanke hannu da fuska da sabulu kafin ka ci abinci ko ka ɗauki yaro, saboda dalma guba ce kuma jikin yara ya fi saurin ɗaukarta.

A gida, bindiga tana cikin akwatin ƙarfe mai makulli, ba harsashi a cikinta, harsasai a wani wurin daban a kulle. Gidajenmu gidajen baƙi ne da yara. Libarbar kaboyi kuma ita ce bindigar da ta fi kama da abin wasa a idon yaro. Saman kabad ba maɓoya ba ce.

In hannu ya faɗa, sai gasa

Ƙungiyar Single Action Shooting Society, wadda aka fi sani da SASS, an kafa ta a 1987, kuma babbar gasarta ta shekara ana kiranta End of Trail. Kulob-kulob na ƙananan garuruwa sukan yi tasu wata-wata. Kowa yana zaɓar laƙabin kaboyi, ya sa tufafin ƙarshen ƙarni na 19, ya zo da libarba biyu, da doguwar bindiga ta zamanin, da bindigar tsuntsaye. Farantan ƙarfe ake harbi a kusa, da harsashin dalma zalla mara gudu sosai, agogo yana ƙirga. Kowane kuskure daƙiƙa 5 ne a kan lokacinka. Akwai rukunin masu hannu biyu, da na masu hannu ɗaya, da na masu riƙe libarba a kowane hannu.

Kada ka sayi komai don gasa kafin ka je kallo. Ka je da abin kunne da gilashi, ka gabatar da kanka wurin mai kula da gasar, ka ce sabo ne kai. A nawa zuwan na farko, kafin azahar mutum uku sun ba ni aron bindigoginsu, wata tsohuwa mai hular kaba ta ba ni kubenta na gwada. A teburin ɗuri akwai mai sa ido da ke tsaye yana kallon hannun kowa, ko zakaran bara ne. Na ɗura ɗaya, na tsallake, na ɗura huɗu, na sauke guduma. Ya sunkuyo ya leƙa ta gefen silinda, ya ga ramin sama fanko, ya ɗaga kai ya kira laƙabina.